Nib da Hausa: tsini, ruwa, harshe ko baki?

Jama'a, akwai ɗan ƙarfen nan da Turawa ke kira nib, wanda ake cusawa a ƙota, a tsoma shi a tawada, a yi rubutu. Masu tara tsofaffinsa suna da yawa a duniya, amma duk mai son yin bayaninsa da Hausa sai ya yi ta kewaye-kewaye. Ina so mu tsayar masa da suna ɗaya.

Tsini dai bai isa ba. Tsini ƙarshen ne kaɗai, inda ke taɓa takarda, kuma ba kowane ke da shi ba. Waɗanda kamfanin William Mitchell ke ƙerawa don faffaɗan rubutu, ƙarshensu a yanke yake.

Ruwa ne ya fi jan hankalina. Muna cewa ruwan gatari, ruwan wuƙa, wato ƙarfen da ke shiga ƙota, kuma haka wannan yake sak: ƙota daban, ƙarfe daban, in ya lalace a zare a sa wani. Sai dai in ka ce wa mutum ruwan alƙalaminka ya ƙare, tawada zai miƙo maka. Ba yadda za a yi, dole a haƙura da shi.

Harshe ya kama siffar, ya saki aikin.

Ni bakin alƙalami na tsayar, jam'insa bakunan alƙalami. Ga dalilina. Ƙarfen a tsage yake tun daga tsini har zuwa wata 'yar huda a tsakiyarsa. In ka danna, ɓangarorin biyu su buɗe, tawada ta sauko da yawa, layi ya yi kauri. In ka sassauta, su haɗe, layi ya koma siriri kamar gashi. Leɓɓa ke nan. Da zarar mun ce baki, sauran sunayen sun samu: leɓɓa biyu, tsaga, huda, tsini, kafaɗa, sai gindi da ke shiga ƙota. Shi kuwa alƙalamin gaba ɗaya, alƙalamin tsomawa.

A gindin ake buga tambari, kuma nan mai tarawa ke fara dubawa: sunan maƙera, lamba, wani lokaci da gari. Birmingham ta Ingila ce ta zama cibiyar sana'ar a shekarun 1820, lokacin da su John Mitchell, Josiah Mason da Joseph Gillott suka fara ƙera su da inji. Kamfanin Esterbrook a Camden ta Amurka yake a da, bakinsa mai lamba 048 shi ne Falcon da ya yi fice. Kamfanin Brause na Iserlohn ne a Jamus, Blanzy-Poure na Boulogne-sur-Mer a Faransa.

To amma kada tambari ya ruɗe ka. Sau da yawa sunan mai sayarwa ne a jiki, ba na maƙeri ba. Bakunan da ke da tambarin Spencerian kasuwarsu Amurka ce, amma da yawansu a Birmingham aka ƙera su. Haka kuma Gillott 303 har yau ana yin sa, saboda haka lamba kaɗai ba ta nuna shekaru.

Abin da ke raba na da da na yanzu shi ne washi. A da, ma'aikata, galibinsu mata, su ke ɗora kowane baki a kan dutsen washi, su rage wa leɓɓan kauri domin su yi laushi. In ka karkata shi ga haske za ka ga zanen dutsen, siraran layuka marasa daidaito. Na baya-bayan nan kuwa, yawanci inji ne ya danna musu tsagi iri ɗaya. Irin na farkon nake so mu kira ƙirar da, ba tsoho kawai ba, domin baki mai tsatsa ma tsoho ne. Ana samun ƙirar da da ba a taɓa tsoma shi a tawada ba, yana kwance cikin kwalinsa na asali mai cin 144, wato dozin goma sha biyu, har da ɗan man da aka shafa masa don gudun tsatsa.

Hudar ce ta rage ban gama gamsuwa da ita ba. Wasu na cewa ido, wasu ƙofar iska. Ta biyun ban yarda da ita ba, domin ba iska ce aikinta ba: tana hana tsagar zarcewa, tana ƙara wa leɓɓa laushi, tana kuma riƙe 'yar tawada. Tsakanin huda da ido, wanne ya fi zama muku daidai a kunne?