Abin Da Aka Tsayar A Majalisarmu Kan Tsofaffin Ƙarafa

Daren Asabar hira ta kai mu kan ƙarafa, wai ko wata rana za su ƙare a ƙasa. Wani malamin makarantar koyon sana'a ya ce ma'adinai ba gero ba ne da za a sake shukawa, amma ƙarfe ko sau nawa aka narka shi yana nan da ƙarfinsa. Don haka a daina raina 'yan gwangwan da dillalan Ƙofar Ruwa a Kano da na Panteka a Kaduna.

Maƙerin tukwane da ke cikinmu shi ya fi daɗewa yana bayani. Ya ce a riƙa ware kaya tun daga gida, a kuma nemi maganaɗisu: abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, alminiyam da tagulla ba sa kamuwa kuma sun fi tsada, kada a yarda a haɗa su a sikeli ɗaya. Ni kam an sha cutata a nan. Malamin ya ƙara da cewa narka tsohon alminiyam kusan kashi 5 cikin 100 kawai yake ci na wutar da sabo ke buƙata.

Kowa ya amince kada a fasa batirin mota a tsakar gida, saboda dalma. An tuna yaran Zamfara sama da 400 da gubarta ta kashe a 2010 wajen niƙa dutsen zinare. Ƙona waya don ciro tagulla ma an hana, a fere ta da wuƙa.

Wanda ya kawo murfin kwalbati ko wayar taransifoma kuwa, aka ce a mayar masa da abinsa.