Wa zai ba mu Hausar forensic psychiatry?

Mai shirin rediyo, Gombe:
Jama'a, a taimaka. Baƙona na wannan makon likita ne mai aikin da Turawa ke kira forensic psychiatry. Shi kotu ke tura wa wanda ake tuhuma ya duba: yana cikin hayyacinsa lokacin da ya aikata laifin? Zai iya fahimtar shari'ar da ake yi masa? In an sallame shi, zai sake yi wa wani illa? Me zan kira likitan nan da Hausa? Kada dai a ce mini likitan mahaukata.

Nas, Bauchi:
Mu a asibiti likitan ƙwaƙwalwa muke cewa, sai dai jama'a na haɗa shi da mai duba farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki. Ki ce likitan kotu mana, Hajiya.

Lauya, Bauchi:
A'a, Anti. Da kin ce likitan kotu, hankalin mutane zai tafi kan mai binciken gawa. Dole kalmar hankali ta fito, domin a kanta doka ta tsaya. Sashe na 51 na kundin dokokin laifuka na Penal Code da muke aiki da shi a Arewa ya ɗauke laifi daga wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake yi, ko sanin cewa ba daidai ba ne. Tushensa shari'ar M'Naghten ce a Ingila, 1843, mutumin da ya harbe sakataren firaminista. Ina ba da shawarar likitan hankali na shari'a.

Malamin Hausa, Gombe:
Barista, ta zauna a baki. Amma a Bauchi da Gombe, ba za a zaci kotun Musulunci kawai ake nufi ba?

Lauya:
Ranka ya daɗe, ai Ma'aikatar Shari'a muke cewa, ba wanda ya taɓa ruɗewa. Kuma ko a fiƙihu batun ba baƙo ba ne: wanda hankalinsa ya gushe ba a yi masa ƙisasi, diyya ce a kan danginsa.

Mai shirin:
Na karɓa. Saura risk assessment, wato duba ko mutum zai sake yi wa wani illa. Hasashen haɗari?

Likita, Gombe:
Don Allah kar ki yi. Haɗari zai kai mai saurare kan hanyar Dukku ya ga mota a kife, hasashe kuma zai mai da mu 'yan duba. Mu awo muke yi. Akwai ma'aunin HCR-20 da aka tsara a Kanada, mai abubuwa 20: 10 kan tarihin mutum, kamar ko ya taɓa dukan wani ko yana shaye-shaye, 5 kan halin da yake ciki yanzu, 5 kan abin da zai tarar in ya fita. Wa zai karɓe shi a gida? Wa zai tsaya ya ga ya sha magani? Amsar waɗannan na iya sauya sakamakon gaba ɗaya. Kuma ki faɗa wa masu saurare, galibin masu taɓin hankali ba sa cutar da kowa.

Malamin Hausa:
To, awon yiwuwar cutarwa. Yiwuwa ta bar ƙofa a buɗe, ba ta yanke wa kowa hukunci ba.

Nas:
Ta yi tsawo, Malam. Kafin wata guda a ɗakin marasa lafiya za a gutsure ta ta koma awo kawai, masu ciki su zo su yi layi.

Mai shirin:
Anti, ku gutsure a can. Ni dai ranar shiri cikakkiya zan faɗa, sau biyu.