Wasa na kyau, maki babu: a wasa na nawa ake yanke wa koci hukunci?

Mai gidan kallo, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina riƙe da gidan kallon ƙwallo, kuma duk farkon kakar wasa gardama ɗaya ce take dawowa kan bencina: shin da maki ake auna koci ko da irin wasan da yaransa suke bugawa? Ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Ni dai ba zan manta da Agustan 2021 ba, lokacin da Brentford ta ci Arsenal 2 da nema, Chelsea ta ƙara mata 2, sannan Manchester City ta lallasa ta da 5 ba ko ɗaya. Ranar wasan City, tun da aka bai wa ɗan wasan Arsenal Xhaka jan kati magoya bayan Arsenal suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, har wani tela da bai taɓa fashin wasa ba ya tuɓe jesinsa ya cusa a aljihu kafin ya fita. Ni ma da bakina na ce kocin Arsenal Arteta ba zai kai Oktoba ba. Arsenal ta gama kakar a mataki na 5, a kakar da ta biyo baya kuma ta zo ta 2. Abin da har yanzu yake damuna shi ne, a waɗancan wasanni uku ban ga wata alamar kirki a filin ba, balle in ce na hango abin da shugabannin kulob ɗin suka hango.

Tsohon kocin matasa, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Alhaji, bari in kawo nawa daga filin ƙasa, ba daga talabijin ba. An taɓa ba ni wata ƙungiyar matasa, na tarar da yaran sun saba da ɗaga ƙwallo sama a bi ta da gudu, sai na ce daga gola za mu riƙa fara wasa, a ƙasa. Mun yi wasa huɗu, muka samu maki biyu. A wasa na huɗu mun daki turke sau biyu, golan abokan karawarmu ya tare fenareti, sannan ana saura minti biyar ɗan bayana ya mayar wa gola ƙwallo, ta yi tsalle a kan wani tudu ta wuce ta ƙarƙashin ƙafarsa. Shugaban ƙungiyar, wanda shi yake sayen ƙwallaye da ruwan leda, ya kira ni bayan sallar isha'i ya ce, "Koci, mutane ba sa tambayata yadda muka buga, nawa da nawa suke tambaya." Ban yi masa musu ba, domin kuɗinsa ne. Sai dai daga baya na gane cewa ni ma ina da laifi, tunda na ɗauko salon da ake yi a kan ciyawa mai laushi na kawo shi filin da ko akuya tana tuntuɓe a cikinsa. Wannan ƙwallon da ta ci mu ba tsautsayi kaɗai ba ne, ni na umarci yaron ya mayar da ita baya.

Ɗalibi, Sakkwato:
Baba koci, labarinka ya tuna mini da koci Frank de Boer a Crystal Palace a 2017, wanda na kalli wasansa na ƙarshe tare da yayana. Burnley ta ci su 1 da nema, ita ma daga kuskuren mayar da ƙwallo baya, alhali Palace ce ta mamaye wasan. Washegari aka sallame shi, bayan wasa huɗu kacal na Firimiya ba maki ba ƙwallo. Roy Hodgson da ya gaje shi ya sha kashi a wasa uku na farko, amma ya kai su mataki na 11.

Ma'aikacin asibiti, Kano:
Ni kuma akasin haka ne ya same ni, kuma shi ya fi zafi. Tottenham nake goyon baya, kuma a farkon kakar 2023 kocinmu Postecoglou ya tara maki 26 a wasa 10 ba tare da an doke shi ba, har aka ba shi kyautar gwarzon koci na wata sau uku a jere. A wurin mai shayin da muke zama babu wanda ya isa ya yi magana idan ina nan. Wani dattijo mai goyon bayan Liverpool, wanda ba ya ɗaga murya, ya ce mini in sake duba yadda aka samu makin. Ya tuna mini cewa Sheffield United tana gaba sai a ƙarin lokaci muka zura biyu, kuma ranar wasan Liverpool an soke ƙwallon Luis Díaz bisa kuskure, an kori 'yan wasansu biyu, amma duk da haka sai da ɗan wasansu Matip ya ci gida a daƙiƙun ƙarshe muka yi nasara. Na ce masa hassada ce. A watan Nuwamba Chelsea ta zo gidanmu ta ci mu 4 da 1, aka kori 'yan wasanmu Romero da Udogie, Van de Ven da Maddison suka ji rauni, kuma daga nan ne ramin da ke bayan 'yan bayanmu ya fito fili ga kowa. Ramin nan tun Agusta yake, teburi ne ya rufe mini ido. Mun gama a mataki na 5, wanda ba abin kunya ba ne, amma ni kofi na riga na yi wa mutane alkawari.

Malamar makaranta, Maraɗi:
Malam, ina ganin akwai abin da ba a ambata ba, wato su wane ne aka kara da su. Ni da ƙannena mun bi Bournemouth a waccan kakar ta 2023 saboda sha'awar yadda suke matsa wa abokan karawa tun daga gaba. Kocinsu Iraola ya yi wasa 9 bai ci ko ɗaya ba, amma a cikinsu akwai Liverpool da Tottenham da Chelsea da Arsenal. Ƙanena ya dage cewa za su faɗa ajin 'yan dagaji, muka yi yarjejeniya cewa wanda ya faɗi zai sayi kilishi. Sun doke Burnley 2 da 1 a ƙarshen Oktoba, suka ƙare a mataki na 12 da maki 48.

Mai gidan kallo, Zariya:
Malama, Allah ya sa an biya kilishin. Koci, kai nake so ka ƙara mana bayani: da an bar ka wasa goma, salon za ka canza ko filin atisaye?

Tsohon kocin matasa, Kaduna:
Alhaji, da an bar ni, gola zan fara canzawa, domin yaron hannu gare shi amma ba shi da ƙafa, kuma na san haka tun ranar atisayen farko.