Herbie Roberts na Arsenal: gwanin baya ne, ko tsarin Chapman ne ya ɗauke shi?

Baban Aisha: Jama'a, na kawo magana. Herbie Roberts, mai tsaron baya na tsakiya, ya buga wa Arsenal wasa 335 a tsarin da koci Herbert Chapman ya kafa, ya ɗauki kofin lig a 1931, 1933, 1934 da 1935, da kofin FA a 1936, amma sau ɗaya tak Ingila ta saka shi, a filin Hampden na Sikotilan a 1931, kuma Sikotilan ta ci su 2-0. Ni a ganina tsari ne ya rufa masa asiri. Duk dogon da aka ajiye a wurin zai yi abin da ya yi.

Koci Ɗan Fagge: Malam, a fara da dalilin da ya haifar da wurin nasa. Kafin 1925 dokar satar gida tana bukatar mutum uku tsakanin ɗan wasan gaba da layin raga, har da gola. Masu tsaron baya biyu ne. Ɗaya ya taka gaba, ɗan gaba ya faɗa tarko, in kuma lissafi ya kuskure ɗayan yana nan a baya. Da wannan Bill McCracken da Frank Hudspeth suka addabi jama'a a Newcastle. Da aka mayar da dokar mutum biyu, dole su biyun su taka tare, kuma in ɗaya ya makara da taku ɗaya, ɗan gaba ya rage daga shi sai gola. Ƙwallayen rukuni na ɗaya na lig ɗin Ingila suka tashi daga 1,192 zuwa 1,703 a kaka guda.

Baban Aisha: Ai ka ƙara mini hujja, Koci. Bayan Newcastle ta zuba wa Arsenal 7-0 a Oktoban 1925 ne ɗan wasan Arsenal Charlie Buchan ya matsa wa Herbert Chapman a jawo ɗan tsakiya baya. Jack Butler aka fara ba wa aikin. Roberts bai zo ba sai Disamban 1926, daga Oswestry Town, a kan fam 200. Gida ya tarar an gina.

Koci Ɗan Fagge: To me ya sa Butler bai riƙe wurin ba? Ɗan tsakiya na wancan zamani shi ne mai raba ƙwallo, ya saba hawa gaba, kuma ƙafa ba ta manta inda ta saba. A sabon tsarin masu tsaron baya biyun sun buɗe zuwa gefe suna bin masu gudun gefe, 'yan tsakiya biyu suna bin 'yan gaba na ciki. Tsakiyar baya ta zama ta mutum ɗaya. Idan ya bi ƙwallo taku goma, hanya ta buɗe har raga. Aikin Roberts uku ne: ya manne wa lamba tara, wato ɗan gaban tsakiya na abokan hamayya, ya cinye duk ƙwallon sama da kai, in ya ƙwace ya miƙa wa na kusa ba tare da ya riƙe ba. Daga nan ta je wa Alex James, shi kuma ya jefa wa Joe Hulme ko Cliff Bastin a gefe. Minti casa'in ba ka bar wurinka ba, ana yi maka ihu a filin baƙi, wannan ba kowa zai jure ba. Shi ya sa aka laƙaba masa ɗan sanda.

Alhaji na Zinder: Koci, ina tare da kai har nan, amma kada a wanke shi tas. A kakar 1930-31 da Arsenal ta ci ƙwallo 127 a lig, an zura mata 59. Kuma a wasan ƙarshe na kofin FA na 1932, Jack Allen, lamba taran Newcastle, wanda shi ne Roberts ke tsarewa, ya ci duka ƙwallaye biyun da aka zura wa Arsenal.

Koci Ɗan Fagge: Alhaji, ta farkon akwai magana a kanta, don hotuna sun nuna ƙwallo ta fita kafin Jimmy Richardson na Newcastle ya bugo ta, 'yan bayan Arsenal sun sassauta suna jiran usur. Ta biyun kam ban musa ba. Kuma a auna 59 da zamaninta, zamanin da Dixie Dean shi kaɗai ya ci 60 a kakar 1927-28.

Baban Aisha: To batun Ingila fa? A Nuwamban 1934, da suka ci Italiya 3-2 a Highbury, 'yan Arsenal bakwai aka saka, har da Eddie Hapgood da George Male da ke gefensa a kulob. Jack Barker na Derby aka ɗauka a wurinsa.

Alhaji na Zinder: A nan kuma na bar ka, Malam. Kwamiti ne ke zaɓen 'yan wasan Ingila a lokacin, babu koci mai tsara wasa. Suna tara mutane daga kulob-kulob, kowa da yadda ya saba. Roberts yana bukatar masu gefe da suka san lokacin rufo masa baya: in hari ya zo ta dama, na hagu ya shigo ciki. A Hampden babu Hapgood a gefensa. Wasa ɗaya cikin baƙin abokai ba ma'auni ba ne.

Baban Aisha: Kenan kun yarda ba ya tsayuwa sai da tsari.

Koci Ɗan Fagge: Mun yarda, kuma tsarin ma yana da rami. Idan lamba tara ya ƙi tsayawa, ya janye zuwa tsakiya, ɗan sanda ya bi shi ne ko ya tsaya? Abin da Nandor Hidegkuti na Hungari ya yi wa Harry Johnston, mai tsaron tsakiyar bayan Ingila, kenan a Wembley a 1953, Hungari ta ci 6-3. A Ingila ta zamanin Roberts lamba tara gaba yake tsayawa a kan kafaɗarka, kuma irin wannan Roberts ya yi shekara goma yana tare shi, har rauni ya tsayar da shi a 1937 Bernard Joy ya gaje shi.