Gashin Lahadi na Turawa a daren Asabar: wa ya taɓa yi wa baƙi?

Amaryar Lesta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shan sanyin ƙasar nan. Asabar mai zuwa maigida ya gayyato abokansa cin abincin dare: 'yan gida biyu da matansu, sai wani Bature abokin aikinsa shi ma da matarsa. Da mu, mutum takwas ke nan. Tun da na zo Ingila duk wanda ya shigo gidan nan jalof yake tararwa, har na fara jin kunya. Shi ne na ce wannan karon bari in yi gashin nan da Turawa ke ci ran Lahadi, wanda suke kira ros: nama a obin, gasasshen dankali, kayan lambu da romon nan mai kauri. Maigida ya ce shi a saninsa abincin rana ne. Wa ya taɓa yi wa baƙi da daddare, kuma ya aka ƙare? Girke-girken intanet na karanta har na gaji, abin da ya faru da ku nake son ji.

Maman 'Yan Biyu (Mancesta):
Wa alaikumus salam amarya. Zauna ki ji nawa. Bara na yi wa ƙawayena, na ce musu ƙarfe bakwai. Cinyar rago na saya mai kilo 2, na tsattsaga ta na cusa tafarnuwa, na lissafa komai a takarda kamar mai shirin jarrabawa: nama ya shiga biyar saura, ya fito shida da rabi ya huta, dankali ya gama bakwai daidai. Kuma haka aka yi. Bakwai ta buga, gidana na ƙamshi, dankalin nan ya yi ja, in kin taɓa shi da cokali har ƙara yake.

Ta farko ta ƙwanƙwasa ƙofa takwas da rabi. Ta ƙarshe tara da kwata, tana ba ni labarin bas.

Na mayar da naman obin don kada ya huce, sau biyu. Da muka zo yankawa ya zama kamar kilishin da ba yaji. Dankalin da na rufe da foyil ya sha tururi ya yi laɓo-laɓo. Sun ci, sun ce ya yi daɗi, amma ai na ga yadda ake ta neman ruwa. Ni dai a wurina rana ko dare duk ɗaya ne. Abin da za ki tambayi kanki shi ne, baƙin naki suna zuwa a kan lokaci? Tuwo da miya sai ki zuba a kula su jira har sha ɗaya ba abin da zai same su. Ros ba ya jiran kowa.

Ɗan Zazzau (Lids):
Maigidanki bai yi ƙarya ba. Asalin abin na ranar Lahadi ne da rana: a sa nama a wuta kafin a tafi coci, a dawo a tarar ya nuna. Na taɓa cinsa a gidan wani abokin karatuna a wani ƙauye a nan Yokshaya, ƙarfe ɗaya aka zauna. Bayan an gama uban gidan ya ce a fita a taka ƙafa, muka yi ta zagaya gonaki cikin iska kusan awa guda. A lokacin na ɗauka wahalar da baƙo ce kawai, sai daga baya na gane abincin ne ke neman hakan. Nama, dankalin da ya sha mai, ga fudin ɗin nan nasu na fulawa da ƙwai da madara, ga girebi, wato romon nan mai kauri. In ka ci wannan ƙarfe tara na dare ka kwanta, asuba sai an tashe ka da gaske. Amma su ma yanzu da yawansu sai yamma suke ci, ba wanda zai ce kin karya doka.

Tambayata ɗaya dai, Hajiya. Baturen nan duk mako yana cin ros a gidan uwarsa. Me zai hana ki ba shi masa da miyan taushe? Nawa abokin har yau in ya gan ni masa yake tambaya.

Maman 'Yan Biyu:
Malam, kai ka taɓa tsayuwa kan tanda kana juya masar mutum takwas? Ku maza baki ne kawai. Ku bar yarinya ta gwada abin da ranta ke so.

Ɗan Zazzau:
Na janye, Anti. Allah ya huci zuciyarki.

Nas Mai Aikin Dare (Landan):
Ni ta wani ɓangaren zan shigo. Karon farko da aka gayyace ni ros a gidan wata da muke aiki tare, baiwar Allah har unguwar Fekam ta je ta sayo kazar halal saboda ni. Na ji daɗi ƙwarai. Ina tsaye a kicin muna hira sai na ga ta ɗauko kwalbar jan giya za ta tsiyaya a tiren da za ta haɗa girebi. Ita ko a jikinta, haka uwarta ke yi. Na ce mata don Allah ta ɗibar mini nawa tukuna. Tun daga ranar in an gayyace ni abu uku nake tambaya: me ke cikin girebi, da wane mai aka gasa dankali, don wasu da man alade suke yi, sannan me aka haɗa a tire ɗaya da naman. Lokacin Kirsimeti musamman, akwai wasu 'yan tsiran alade da suke naɗewa a jera gefen talotalo.

To ke da za ki karɓi baƙi, abin juyawa yake. Ni ma na tafka tawa. Na gasa kaji biyu na shafe su da yajin tsire wanda aka aiko mini daga Kano, ƙamshi har bakin lifta. Ana zama sai mijin ƙawata ya tambaya a hankali ko akwai gyaɗa a ciki. Na buɗe baki zan ce babu, sai na tuna ƙuli-ƙuli ne rabin yajin. Ashe jikinsa ba ya ɗaukar gyaɗa ko kaɗan, har da allurar gaggawa yake yawo a aljihu. Ni da nake aikin asibiti na san abin da hakan ke nufi, jikina ya yi sanyi. Ƙwai na soya masa a wani kasko daban, ya ci da burodi, mu muna cin kaza muna satar kallonsa. Ki sa maigida ya tambaye su tun yau.

Amaryar Lesta:
Innalillahi, wallahi yajin nake shirin zubawa. Na gode Anti. Bari ya dawo in sa shi ya tura musu saƙo.

Gwauron Kobentiri:
Nawa gajere ne. Ɗakin ɗalibai, obin mai shelfi ɗaya. Kaza na son digiri 190, fudin na son 220 da mai mai tafasa, dankali na son fili, ni kuwa tire ɗaya ne da ni. Na ƙure wuta don in haɗa su gaba ɗaya, mai ya ɗiga ƙasa, hayaƙi ya tashi, ƙararrawar gobara ta ɗauka. Duk ginin aka fito waje cikin ruwan sama, wasu da kayan barci, kowa na tambayar ɗakin wa ne. Na tsaya cikinsu ina tambaya ni ma. Indomi muka ci a daren.

Hajiya Babba (Bamingam):
'Yata, kada su tsorata ki. Na fi shekara ashirin a garin nan, na yi wa surukai, na yi wa 'yan makarantar yarana, kuma mafi yawa da daddare. Kuskuren Maman 'Yan Biyu cinya ta saya. Cinya ba ta da kitse sosai, minti kaɗan ne tsakanin ta nuna da ta bushe. Ki sayi karfata.

In kin je wajen mahauci, ni a unguwar Alum Rok nake saye, ke ma na san Lesta ba a rasa mahautan halal, ki ce masa guda kike so kada ya sare ta. Ki faɗa tun kafin ya ɗauka, don hannunsu ya saba, kafin ki rufe baki ya miƙa ta ga injin ya fito miki da gunduwa-gunduwa na miya. Mutum takwas ki ɗauki biyu, kowace wajen kilo 2, don ƙashi ya ci da yawa. Daren Juma'a ki daka tafarnuwa da citta da masoro da ɗan kanumfari da gishiri, ki shafe su ki sa a firji su kwana. Ran Asabar bayan azahar ki shimfiɗa albasa mai yawa a tire, ki ɗora naman, ki zuba ruwa kofi ɗaya, ki rufe ruf da foyil. Digiri 160, awa huɗu. Ki manta da shi ki je ki yi shara. In ya yi, ƙashin da kansa zai zame in kin ja shi. Sai ki buɗe ki ƙara wuta minti ashirin bayansa ya yi ja. Wannan naman ko awa biyu ya yi a rufe yana jira ba abin da zai same shi, don kitsensa na tsare shi. Ruwan da ya tsatso ki kwashe man sama, ki dama fulawa cokali biyu ki tafasa, ga girebinki ba ki sayi na gwangwani ba.

Dankali shi ne mai rigima. Ki nemi irin wanda ake kira Maris Piper, ki tafasa minti takwas zuwa goma, ki tsiyaye ruwan, ki rufe tukunyar ki girgiza har gefensa ya farfashe, wannan farfashewar ita ke zama ɓawon nan mai ƙaras-ƙaras. Ki baza shi ya sha iska. Kada ki sa shi a obin don an kira an ce "ga mu nan a hanya". Bahaushe yana banɗaki zai ce miki yana hanya. Sai kin ga mutum da idonki ya cire takalmi. Minti arba'in da biyar yake ɗauka, kafin a gaisa a tambayi mutanen gida a sha zoɓo ya yi.

Abu na ƙarshe, ki dafa farar shinkafa da 'yar miya ki ajiye a gefe. Ros abinci ne na ƙirge, Bature in ya ce mutum shida to shida ne. Namu kuwa ba ya zuwa shi kaɗai, sai ya taho da wani ƙaninsa da ya sauka jiya. Kuma akwai wanda in bai ga shinkafa ba, a wurinsa ba a ci abinci ba.

Bamaraɗiya (Liyon):
Hajiya ta gama magana. Ni abin da ke ba ni dariya, gashi a wurinmu aikin maza ne kuma a waje. A Maraɗi ran Layya za ki ga an feɗe raguna an miƙe su a kan itace, an jera su sun kewaye wuta, maza na zaune suna gyara garwashi tun hantsi har dare, sai washegari a raba. Hira ake yi ana gashin. Nan kuwa an tura mace ita kaɗai cikin kicin, tana jin dariyar baƙi daga falo tana leƙen obin. Sau ɗaya na yi na ce ban ƙara ba, ban san me aka tattauna a gidana ba ranar. Yanzu in zan yi baƙi, wajen mahaucin Larabawan unguwarmu nake zuwa. Faransawa ma suna da tasu kazar Lahadi, za ki ga injin yana juya kaji a ƙofar shago, dankali a ƙasa yana shan man da ke ɗiga. In sayi biyu, in yi salak, in zauna cikin mutane.

Nas Mai Aikin Dare:
Kin yi sa'a ma Nuwamba ce. Magariba huɗu da 'yan mintuna, kafin bakwai kowa ya yi isha'i, kuma obin zai ɗumama miki gida. Na taɓa yi a Yuli, awa huɗu wuta na ci a fulat ɗin da ba fanka, ga magariba sai bayan tara. Baƙi na zaune suna fifita da ambulan.

Amaryar Lesta:
Na dawo da rahoto, jiya aka yi. Hajiya Babba, Allah ya saka da alheri, karfatar nan ko wuƙa ban sa mata ba, da cokali biyu na yage ta.

Turawan bakwai saura biyar suka iso da furanni, ina sanye da zanin girki. 'Yan gida kuwa takwas da minti ashirin, kuma Hajiya kamar kina nan, sun zo da wani ɗan uwansu da ya zo karatu watan jiya. A tsakani na rasa yadda zan yi, mutum biyu zaune suna shan zoɓo kofi na uku. Ƙarfe takwas na ce ba zan bar su da yunwa ba, na jefa dankalin. Sai ga shi ya fito daidai lokacin da sauran suka gama gaisawa. Gyaɗa ba ta dame su ba, mun tambaya, amma duk da haka a ɗan kwano na ajiye yajin a gefe. Baturen ya barbaɗa a kan dankali, ya yi tari, ya share hawaye, ya ƙara.

Fudin ne ya ba ni kunya. An ce kada a buɗe obin yana ciki, ni kuma zuciyata ta kasa haƙuri na leƙa, ya sace ya kwanta kamar wainar fulawa. Matar ta yi dariya ta ce nata ma haka yake yi, daskararre take saye a kanti. Shinkafar kuwa ko ƙwaya ba ta rage ba, baƙon ɗalibin nan ya zuba mata girebi ya ce miyar ta yi daɗi sai dai ba attarugu. Sha ɗaya da rabi suka tafi, maigida ya yi barci a kan kujera.

Tiren yana nan a jiƙe tun daren jiya, albasar ta kama ta yi baƙi ƙirin. Wa ya san abin da ke fitar da shi?