Taimako jama'a: me za mu kira "jury" da Hausa? Ƙarfe huɗu zan shiga shiri

Mai Shirin Rediyo: Assalamu alaikum. Ina cikin matsi. Ƙarfe huɗu na yamma zan gabatar da shiri kan yadda ake shari'ar manyan laifuka a Amurka, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: jury. Abin da muka saba faɗa shi ne "masu taimaka wa alƙali", amma raina bai kwanta da shi ba. Misalin da na ɗauko shi ne shari'ar Derek Chauvin, ɗan sandan da ya danne wuyan George Floyd har ya mutu a Minneapolis. Mutum 12 ne suka shiga ɗaki aka rufe ƙofa, alƙali Peter Cahill ba ya ciki, suka fito ranar 20 ga Afrilu 2021 suka ce ya aikata duka laifuka ukun da aka tuhume shi da su. Sai a watan Yuni alƙalin ya ɗaure shi shekara 22 da rabi. To a nan wa ya taimaki wa?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Ki ce "juri" kawai, Hajiya. Kotu, lauya, joji, duk haka suka shigo.

Malamar Firamare: Alƙalan sa-kai fa?

Barista: Ba sa-kai ba ne, Malama. Takardar sammaci ake aika wa mutum, yawanci daga rajistar masu zaɓe ko ta masu lasin tuƙi ake zaro sunansa, in ya ƙi zuwa ba dalili kotu na iya cin tararsa. Kuma Hajiya tana da gaskiya, "taimako" ya rage musu matsayi. Alƙali shi ke faɗa musu abin da doka ta ce, su kuma su ke cewa an aikata ko ba a aikata ba. In suka wanke mutum, alƙali ba shi da ikon juya maganar ko da ransa bai so ba. Matsalarmu ita ce kalmar "hukunci" ta haɗe abu biyu, samun mutum da laifi da kuma yanke masa horo. Na farkon nasu ne, na biyun galibi na alƙali.

Tsohon Magatakarda: 'Ya'yana, muna da kalma tun kafin a haife ku. Muhuti, jam'i muhutai. Na yi aiki a kotun alƙali, na ga muhuti zaune a gefensa da littattafai, in mas'ala ta yi tsauri ya buɗe ya nuna masa wurin da yatsa.

Barista: Allah ya ƙara girma, Baba. Amma muhuti don iliminsa ake zaunar da shi, kuma shawara yake bayarwa, alƙali ya ɗauka ko ya bari. Waɗannan kuwa direba ne da ma'aikaciyar jinya da mai shago, ba a neman su san doka. Hasali ma kafin a zaɓe su sai lauyoyin ɓangarorin biyu sun yi musu tambayoyi, wanda aka ga ya riga ya yanke wa kansa magana a sallame shi.

Malam Mai Nahawu: Na karanta duka, kuma abin ya dame ni. Kullum aka zo neman kalma sai wani ya ce a ara. Har yaushe? Asalin kalmar daga Latin take, ma'anarta rantsuwa. Larabawa da suka tashi fassara ta sai suka ce muhallafun, wato waɗanda aka rantsar. Mu ma muna da tushen a hannu: RANTSATTSU. Namiji rantsattse, mace rantsattsiya. Gajeriya ce, ta bi ƙa'ida kamar dafaffe da wankakke. "Rantsattsu sun same shi da laifi." Ina aibinta?

Malamar Firamare: Allah gafarta Malam, ginin kalmar daidai yake, amma an riga ka shiga gidan. A bakin mutane yanzu rantsattsiyar mota ita ce mota ta gani ta faɗa, rantsattsen gida kuma gida na alfarma. Mai sauraro zai ɗauka yabon su ake yi.

Malam Mai Nahawu: Wannan Hausar 'yan zamani ce. Don yara sun karkatar da kalma ba za mu sakar musu ita ba.

Barista: Ko an ajiye wannan, Malam, shaida ma rantsuwa yake yi, tafinta ma haka. Kotu cike take da waɗanda aka rantsar.

Malam Mai Nahawu: Larabawa ba su da shaidu ne? Sun yi amfani da ita shekara da shekaru ta zauna. Kalma ba ta zama sai an zaunar da ita, kuma rediyo ne ke zaunarwa. Hajiya, alhakin yana wuyanki. In kika ce "juri" yau, jikokinmu juri za su ce.

Ɗan Zangon Kumasi: Ku a Najeriya ba ku yin wannan shari'a, mu a Gana muna yi. Shari'ar kisan kai a babbar kotu mutum bakwai ne ke zama, ba 12 ba. A zango kowa "juri" yake cewa, har tsofaffi mata, ba wanda ya taɓa ruɗewa. Kuma kada kowa ya kawo "'yan sha biyu", don mu bakwai ne, Sukotlan kuma 15.

Malam Mai Nahawu: Da girmamawa, ɗan'uwa, ba a zango za a daidaita mana Hausa ba. Rabin maganarku Turanci ce da Tuwi.

Ɗan Zangon Kumasi: Malam, wannan magana ta yi mini zafi. Kakannin kakanninmu da ƙafa suka bi hanyar Gwanja fataucin goro, suka riƙe harshen nan a tsakiyar wasu harsuna har ya iso gare mu. Ku da kuka zauna a gida ba ku san wahalar riƙe shi ba. Kuma "alƙali" da "shari'a" da "hukunci" da kake taƙama da su, a Kano aka ƙera su?

'Yar Damagaram: Ya faɗi gaskiya. Mu ma in mun ce "lakwal", wato makaranta, sai a yi mana dariya, in ku kun ce "furamare" shi ke nan Hausa ce. Wanda ya ari Turancin Ingila bai fi wanda ya ari Faransanci ba. Kuma Hajiya ki lura, a Faransa tsarin daban ne: mutanen gari shida suna zama tare da alƙalai uku, su tattauna laifin da horon gaba ɗaya. Can "masu taya alƙali" bai yi nisa da gaskiya ba. A Amurka ne bai dace ba.

Tsohon Magatakarda: Ku yi haƙuri da juna. Malam, ka janye maganar zango, ba ta kamata ba.

Malam Mai Nahawu: Na janye, Baba. Ɗan'uwa ka yafe ni. Amma aron Larabci da ya shekara ɗaruruwa yana narkewa daban yake da ɗauko kalma ɗanya yau da rana.

Mai Shirin Rediyo: Jama'a uku saura kwata. Barista, tambaya ɗaya: in bakinsu bai zo ɗaya ba fa?

Barista: A Amurka dole duka su yarda kafin a samu mutum da babban laifi. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka har ga kotunan jihohi a 2020, a shari'ar Ramos da jihar Luwiziyana. In mutum ɗaya ya kafe, shari'ar ta watse, mai gabatar da ƙara na iya sake ta da sababbin mutane. Ingila kuwa tun 1967 ana iya karɓar 10 cikin 12. Kada ki ce "sun kasa haɗa baki", haɗa baki maƙarƙashiya ce. Ni shawarata "masu tantance laifi".

Malamar Firamare: Ta fi, ko da yake kamar an riga an ce akwai laifin. Wanda za a wanke fa?

Barista: Tantancewa ai ta haɗa da a duba a ga babu.

Mai Shirin Rediyo: Ga abin da zan karanta: "'Yan juri, wato mutanen gari 12 da kotu ke rantsarwa su tantance ko wanda ake tuhuma ya aikata laifin." Daga nan sai in riƙa cewa 'yan juri ko masu tantance laifi. Malam, rantsuwarka ta shiga cikin bayanin. Na gode muku duka, na tafi.

Malam Mai Nahawu: Na saurari shirin. Bayanin ya fita, kuma na ji daɗi da ba ki ce masu taimaka wa alƙali ba. "Juri" dai ban karɓe ta ba, ɗalibaina rantsattsu zan koya musu. Sannan mai kiran nan na ƙarshe ya tambaye ki grand jury, wato mutanen garin da ke duba ko akwai isasshiyar hujjar gurfanar da mutum a kotu, kika ce sai mako mai zuwa. Ki buɗe mana zancen tun ranar Litinin, kada ki bari sai saura awa biyu.