Fim ɗin Wilberforce a tsakar gidanmu: in bar yara su ci gaba da kallo?

TelanAboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Gidan haya muke a unguwar Aboabo da ke Kumasi, ƙasar Ghana, ɗaki goma sha ɗaya, famfo ɗaya. Maƙwabcina mutumin Bolga ne, Kirista, shekara tara muna raba kuɗin wuta ko sa-in-sa ba mu taɓa yi ba. Daren Litinin ɗin Ista zafi ya kore mu daga ɗaki, sai ya fito da talabijin tsakar gida ya sa fim ɗin Amazing Grace, labarin William Wilberforce, ɗan majalisar Ingila da ya dage sai an hana cinikin bayi. Ni da rigar wani na fito ina sa mata maɓalli, niyyata in leƙa in koma. Har aka tashi allura na hannuna, maɓalli biyu kawai na sa.

Naci ɗin mutumin ne ya kama ni. Ga ciwon ciki yana cinsa, ya kai ƙuduri majalisa a 1791 aka kayar da shi, ya sake kaiwa, ya sake kaiwa, bai ga biyan buƙata ba sai 1807. Ni da kwastoma ya dawo mini da riga sau biyu sai in ji kamar in rufe shago. Yanzu 'yata mai shekara 13 ta ce sai ta kalli sauran finafinan da maƙwabcin nawa yake da su. Uwargida ta ce sam, akwai waƙar coci a ciki. Ina tsaka mai wuya. Me kuka gani?

MalamTicha:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka bar ta, amma ka zauna kusa. Sai dai ka lura, a fim ɗin baƙar fata ɗaya ce ke da bakin magana sosai, wato Equiano, tsohon bawa da ya shiga yaƙi da cinikin bayi, kuma Youssou N'Dour na Senegal ne ya fito a matsayinsa, shi kansa Musulmi. Wanda nake so 'yarka ta sani shi ne Ottobah Cugoano, ɗan Ajumako, nan ƙasar Fanti. Yana yaro aka sace shi aka kai shi tsibirin Girinada a yankin Karibiyan, daga baya ya sami 'yanci a Ingila, ya shiga Kiristanci, a 1787 ya buga littafi yana cewa a soke bautar gaba ɗaya. Namu ne, amma da wuya ka ji yaro ya san sunansa.

InnaLami_Nima:
Ɗana, ni Kirista ce, a Zango aka haife ni, a Zango na aurar da 'ya'yana. Waƙar da uwargidanka take tsoro, wato Amazing Grace da aka sa wa fim ɗin sunanta, wanda ya rubuta ta, John Newton, shi kansa ya taɓa zama kyaftin ɗin jirgin bayi. Tuba ce yake yi a cikinta. Ni abin da ke sa ni hawaye kenan, ba kyan Turawan ba. Ka gaishe ta, ka ce mata ban ga laifinta ba. Ni ma da jikokina suka fara bin yara makarantar allo sai da gabana ya faɗi, ga su nan Lahadi ba ta wuce su.

ƊanSalaga:
Inna, a gafarce ni, ba gardama nake da ke ba. Amma duk wanda ya je gidan bayi na Cape Coast ya ga coci a sama, kurkukun maza a ƙarƙashinta. Ana addu'a bisa, mutane na mutuwa a ƙasa. Kuma da Ingila ta soke bautar kanta a ƙasashen da take mulka a 1833, fam miliyan 20 aka ware don biyan diyya, masu bayin aka biya, bayin ko sisi. Irin waɗannan finafinai ba sa son tsayawa a nan. Kada kuma mu yi saurin nuna yatsa: a garinmu Salaga har yau akwai wurin da ake kira Wankan Bayi, sunan ma da Hausa yake. Fataken da suka zo sayen goro ba goro kaɗai suka sani ba.

MalamTicha:
Gaskiya ɗaya ce, Ɗan Salaga. Ga uwargida kuma, a tuna mata da Najjashi, sarkin Habasha, Kirista ne lokacin da ya karɓi sahabbai, Ja'afar ya karanta masa Suratu Maryam har ya yi kuka. Jin labarin Kirista mai adalci ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

TelanAboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta wa uwargida duka. Maganar Inna ce ta sa ta yi dariya, ta ce to a kalla, amma da ita a wurin, kuma bayan Isha. Yarinya kuwa tun da ta ji zancen coci bisa kurkuku ta ce sai ta gani da idonta. Wa ya san nawa ne kuɗin motar Cape Coast daga Kumasi yanzu? Mu uku ne, kuma sai na gama ɗinkin Sallah.